Mu san sandar fatsa kafin mu saya

Malam Edita, assalamu alaikum. Daga Nima nake rubutowa, kan sandunan fatsa na gwanjo da samarinmu ke saya suna tafiya da su Akosombo, bakin tafkin Volta. Yawanci an ƙera su ne don kifin Amurka da Kanada, inda ake jan ƙugiya a bayan jirgi yana tafiya a hankali. Sandar salmon, wani babban kifi na can, doguwa ce, ƙafa 8 zuwa 10, tana lanƙwasawa tun daga tsakiya saboda kifin da ya wuce kilo 10 in ya fizga kar zare ya tsinke. Ta wolai kuwa, wani kifin can da bai kai salmon girma ba, siririya ce, bakinta laushi, don kifin kilo 1 ko 2 ne ke taɓa ta.

Ƙanena ya turo min ta wolai daga Toronto, na kai ta Volta da murnata, giwan ruwa ya kama, wallahi ina ji ina gani ta karye dab da hannuna, abin ya min ciwo sosai. Don Allah 'yan uwa ku duba rubutun jikin sandar kusa da mariƙi, nauyin zaren da take ɗauka yana nan, in giwan ruwa kuke nema ku ɗauki ta salmon.

Naku, mai karatu daga Nima, Accra