Zuwa ga Babana, a kan Litinin da Juma'a

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kawunka da mutanen gidansa baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Kakarka ta ce a gaida mata maigidan nata, wai tun da ka shiga birni ka manta da kuɗin cefane.

Biltan ɗinka, takardar sakamakon makaranta, ya iso ranar kasuwa, direban da ke kawo mana kaya ya kawo shi cikin ambulan tare da 'yar takarda daga Kawunka. Mwayen, wato matsakaicin maki, 10.40 bisa 20, na 31 cikin ku 68. Innarka ta tambaye ni ko ka ci, na ce mata ka ci, ta yi hamdala ta koma bakin murhu. Ban ƙara mata komai ba, don sauran maganar tsakanina da kai ce.

Wanda ya tsufa da alli a hannu ba daga sama yake fara karanta biltan ba. Ƙasa na fara dubawa, inda sirbeyan, mai kula da ɗa'ar ɗalibai, yake rubuta fashi, na ga awa 26. Na ɗaga ido zuwa makin hali, na ga an zabge shi. Sannan na hau sama: lissafi 7.5, fizik 8, ilimin halittu 13, Faransanci 11, Ingilishi 14, tarihi 13.5, wasanni 16. Yaron da ya fito BEPC, jarrabawar gama koleji, da makin lissafin da har darakta ya zo gida ya yi mini barka, shi ne yau da 7.5. Na san kan nan naka bai toshe cikin wata biyar ba.

Kawunka mutum ne mai kawaici, bai so ya kawo ƙararka ba. Amma da aka kira shi makaranta ya je, sirbeyan ya buɗe masa littafin kiran suna, suka bi shi shafi-shafi tun daga watan Nuwamba. Talata kana nan, Laraba kana nan, Alhamis kana nan. Fashin duk Litinin ne da Juma'a. Babu wanda ya taɓa kwana a Maraɗi da zai tambayi abin da ake yi Litinin da Juma'a, ranakun cin kasuwa ne. Kawunka bai sha wahalar nemanka ba: ya same ka a babbar kasuwa, a shagon mahaifin abokinka, biro a bayan kunne, kana ƙirga katan-katan na taliya ana lodawa a mota, kana rubutawa a littafin Alhaji. Ya ce ya tsaya daga nesa ya kalle ka, ya ga ka iya, har 'yan dako suna jiran ka ce musu a tafi. Bai yi maka magana ba, ya juyo gida. Ka je ka ba shi haƙuri tun kafin ka gama karanta wannan takarda, in da hali. Mutumin da ya ba ka ɗaki da tuwo, aka kira shi gaban sirbeyan ya tsaya kamar mai laifi, ya cancanci ya ji daga bakinka.

To, ka duba jadawalin ajinku. Awa biyu na lissafi safiyar Litinin suke, fizik kuma Juma'a. Abin da ya ci makinka ke nan, ba wani aljani ba. Kuma ka san yadda ake lissafin mwayen a lise, makarantar gaba da koleji: kowane darasi da adadin da ake ninka shi. Kai da kake sashen C na kimiyya, lissafi da fizik su ne aka fi ninkawa, wasanni kuwa sau ɗaya ne. Maki 16 ɗin da ka samo a fili da gudu bai rufe ramin da 7.5 ya haƙa ba, Ingilishi da tarihi ne suka tallabe ka ka tsallake 10 da ƙyar. A ƙarshen shekara malamai za su zauna su duba wanda zai ci gaba a C, da wanda zai tafi D, da wanda zai maimaita aji. A zaman nan makin lissafi da fizik ake fara kallo, kuma mushe, wato malamin da ya yi ta kiran sunanka ranar Litinin ana ce masa ba ka nan yana cikin masu magana. Shi lissafin lise sarƙa ne, abin da aka yi wannan mako a kansa ake ɗora na mako mai zuwa. Wanda ya kwafi darasi daga littafin abokinsa ya samu rubutun, bai samu bayanin ba.

Kada ka ɗauka ina raina kasuwa. Wa zai raina kasuwa a Maraɗi? Garin nan fatauci ne ya gina shi. Tun zamanin cinikin gyaɗa alhazan Maraɗi suka yi suna, da gyaɗa ta ja baya suka koma kan kayan da ke ratsawa zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, har Katsina da Kano. Da yawansu ba su taɓa zama a benci ba, amma suna riƙe da gidaje da masallatai da ɗaruruwan bakuna. Na san abin da kake gani kullum a hanyarka ta zuwa makaranta: sa'anka a kan kabu-kabu yana ƙirga canji, wani ya jera kwalaben ruwa-ruwa a bakin titi, wani an buɗe masa shagon waya. Kai kuma kana tafe da jakar littattafai da dala ashirin a aljihu, ga malaminku ɗan kwantiragi yana jiran albashi. Dole zuciya ta yi maka lissafi. Na kuma san maganar da ake yi a fada in an ɗora shayi, cewa ga masu digiri nan suna zaune, boko bai ba kowa komai ba.

Abin da ba a faɗa a fada shi ne wannan. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufewa har cikin Maris na 2024. Ka tambayi Kawunka yadda kasuwa ta kasance a waɗannan watanni, da yadda faɗuwar naira ta narkar da jarin mutane suna kallo. Alhazai sun jure, don suna da abin jurewa. Waɗanda aka fara sallama su ne yaran shago, masu biro a bayan kunne. Jika ɗaya da Alhaji yake ba ka a wuni kuɗi ne, ban ce ba kuɗi ba ne, amma ka lura da dalilin da ya sa kai ya ba littafin bai ba ɗan dako ba: don ka iya rubutu da lissafi. Ɗan karatun da ka yi ne yake saye. Kuma ka duba nasa ɗan, abokin naka, ko yana fashin Litinin. Kawunka ya ce ba ya yi.

Taura biyu ba ta taunuwa, Babana. In kasuwa kake so, ka zo ka faɗa mini a fili, mu zauna da Kawunka mu nema maka maigida na kirki, ka shiga da ƙafa biyu, ba zan tsine maka ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka yi shekara uku kana raba ƙafa, ka fito ba Bak ta gama lise, ba jari, ba sana'a. Irin waɗannan na gani da yawa, su ne suka fi kowa ɗacin baki a kan boko. Ni dai ra'ayina ka sani: saura shekara biyu da 'yan watanni ka zauna Bak. Jami'ar Dan Dikko Dankulodo tana nan cikin garin da kake, ana karanta aikin gona da kimiyya da aikin likita, ba sai ka je Yamai ba. Kasuwa ba ta gudu, ranar da ka je mata da takarda a hannu za ka same ta inda ka bar ta. Benci kuwa yana da shekarunsa, in sun wuce sun wuce.

Yanzu maganar kuɗi, don na san ba kwaɗayi kaɗai ya kai ka ba. Kawunka ya ce akwai takardun darasi da malamai ke sa ku buga, da kayan wasanni, da kuɗin karin kumallo, kuma takalminka ya mutu tun cikin sanyi. Kunya ta hana ka tambayarsa, tausayi ya hana ka tambayata. Tausayin nan ka ajiye shi. Waken bana yana nan a rumbu ban taɓa ba, ina jiran ya yi daraja, kuma don irin wannan rana na ajiye shi. Daga wannan wata zan riƙa turo maka jika huɗu ta hannun Kawunka, ban da na takalmi da na sa a cikin ambulan ɗin nan. In wata buƙata ta makaranta ta taso, ka rubuto mini ita da adadinta. Ranar Lahadi, in Kawunka ya yarda, ka je shagon ka taimaka, haka ma dogon hutu in an gama noman farko. Litinin da Juma'a kuwa ka je da kanka ka gaya wa Alhaji cewa mahaifinka ya hana. Ka faɗa da ladabi, ka yi masa godiya. In dattijo ne zai ƙara ganin girmanka.

Na ji kuma an yi kwanaki ba a shiga aji ba a watan Fabrairu saboda yajin ɗalibai. Ba zan ce maka ka ware daga 'yan'uwanka ba. USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, tana da tarihi, mu da muka ga 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy a Yamai, mun san abin da jinin nan ya jawo, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Ka girmama ranar. Sai dai ka riƙe abu biyu. Hannunka kada ya ɗauki dutse, kada ya kunna taya, ko wa ya ce ka yi. Sannan masu shirya jarrabawa ba sa rage tambaya don an yi yaji. Ranar da aka ce ba aji, ku nemi allo ku huɗu ko biyar, ku samu wani ɗan Tarminal, ajin ƙarshe, ya yi muku bitar abin da ya wuce ku. Mushen lissafinku ma ka same shi bayan an tashi, ka gaya masa gaskiya, ka roƙe shi ya nuna maka babin da za ka fara da shi. Malami yana fushi da mai fashi, amma ban taɓa ganin wanda ya kori yaron da ya zo da littafi a buɗe ba.

Faransancinka na 11 bai yi mini daɗi ba shi ma. An ce tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, mun ji daɗi, amma takardar Bak da Faransanci za a miƙo maka ita, har ta lissafin. Ka riƙa aron littafi kana karantawa, ko shafi biyar ne kafin barci, maimakon wayar abokai. Ingilishin kuwa ka riƙe shi da kyau, mai zama kusa da iyaka ba ya rasa ranarsa.

Zaman gidan mutane sai da lura. Ka riga kowa tashi, ka cika randuna kafin ka tafi, ka gaida matar Kawunka safe da yamma, abin da aka zuba maka ka ci ka yi godiya. Bayan sallar isha'i kada a neme ka a rasa. Fadar da ake shan shayi ana muhawarar ƙwallo ban hana ka ba ranar da ba karatu, amma duk inda ka ga ana miƙa ƙwaya, tiramol ko wani abu, ka tashi ko da shayin bai nuna ba. Zafi na tafe, Afirilu da Mayu a Maraɗi ba wasa ba ne: ka riƙa karatunka da asuba kafin gari ya ɗauka, ka sha ruwa sosai, in ka ji ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, ka gaya wa Kawunka a kai ka likita nan take.

Saura zango ɗaya. Ban ce ka zo na ɗaya ba. Ina son in ga lissafi da fizik sun haura 10, layin fashi kuma babu komai a cikinsa sai in ciwo ne, da takardar likita. Na roƙi Kawunka ya riƙa leƙawa wurin sirbeyan ƙarshen kowane wata, na gaya maka ne don kada ka ce an yi maka a ɓoye.

In an ba ku hutu ka shigo motar ranar Asabar, direban ya san da kai, na biya. Ka taho da littattafanka na lissafi da fizik da duk takardun gwajin da aka mayar muku, har waɗanda ba ka so in gani, za mu zauna a kansu da safe kafin rana ta yi. Innarka ta aiko da tiya biyu ta wake da ƙullin kuka da daddawa, na matar Kawunka ne, ka miƙa mata da hannunka. Ƙanwarka kuma ta ce kada ka manta da kayan lissafi da ka yi mata alkawari, jarrabawarsu ta matso.

Ka gaida Kawunka da iyalinsa. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka.