Wasiƙar Godiya Ga Gidan Wasan Kwaikwayo Na Barter, Abingdon

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gidan wasan Barter,
Garin Abingdon, Jihar Virginia, Amurka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Na daɗe da wannan godiya a raina. Ganin kakar wasanninku ta bana ta kai ƙarshe, an fara kwance kayan dandamali, sai na ce in ban faɗa yanzu ba wata shekarar ma haka za ta wuce. Da gangan na rubuta da Hausa, domin 'yan'uwanmu da ke warwatse a Amurka, da na gida waɗanda ba su san ƙasar nan ba sai ta fina-finai, su ji labarinku. Ku kuma 'yata ta ɗauki alkawarin karanta muku da Turanci.

Aikin asibiti ne ya kawo ni yankin nan na duwatsun Appalachia, ni da iyalina. Mutanen Abingdon ba su wuce dubu 8 da 'yan kai ba. Wanda ya wuce ta babbar hanyar mota mai lamba 81 zai iya kewaye garin bai san ya yi ba. Amma a wannan ɗan garin ake da gidan wasa na ƙwararru wanda ya buɗe tun ranar 10 ga Yuni, 1933, kuma in ka ɗebe shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da aka rufe shi, fitilarsa ba ta daina ci ba.

Kun fi ni sanin tarihinku, amma ku yi mini haƙuri in ba masu karatu, don a cikinsa dalilin godiyar yake. A shekarun da tattalin arzikin Amurka ya karye, 'yan wasan kwaikwayo a New York suna kwana da yunwa saboda gidajen wasa sun rufe. A nan kudu maso yammacin Virginia kuwa manoma na da abinci jibge, ba mai saye. Robert Porterfield, ɗan yankin nan wanda ya je New York neman sa'a a harkar wasa, shi ya haɗa biyun. Ya kwaso abokan sana'arsa ya kawo su Abingdon, ya sa kuɗin shiga senti 40, wanda ba shi da kuɗi kuma ya kawo amfanin gona na daidai wannan kima. Ba ni gishiri in ba ka manda, wato musaya, ma'anar sunan Barter ke nan. Mutane suka riƙa zuwa da kabeji, ƙwai, madara, kaji masu rai, har da aladu. A yadda gidan ke ba da labarin, da aka rufe kakar farko ribar da ta rage a akwati dala 4 da senti 35 ce, sai ganga biyu na zaƙin 'ya'yan itace, sai ƙibar da 'yan wasan suka yi. Marubutan da aka yi wasanninsu ma da cinyar alade aka riƙa biyansu haƙƙinsu, ban da George Bernard Shaw, wanda ba ya cin nama, shi aka aika masa alayyafo. Da ni ne marubucin, layin Shaw zan bi.

Daga wannan farawa gidan ya zama gidan wasa na Jihar Virginia a hukumance a 1946, ya karɓi Tony, babbar lambar yabo ta wasan dandamali a Amurka, a 1948, kuma taurarin fim Gregory Peck da Patricia Neal da Ernest Borgnine duk sun taka dandamalinsa kafin duniya ta san su. Gidaje da yawa in sun kai nan sai su rataye tarihi a bango su tsauwala kuɗin tikiti. Ku ba ku yar da al'adar ba. Har yanzu kuna ware ranakun da mutum zai kawo abincin gwangwani a madadin kuɗi, ku kuma ku miƙa shi ga ma'ajiyar abincin mabuƙata ta yankin.

A irin wannan rana muka fara shiga. A lokacin ban daɗe da kama aiki ba, kuɗin haya da na mota sun cinye albashi, tikitin mutum biyar kuwa ba abin wasa ba ne. Muka cika jaka da gwangwanayen wake da masara da tumatir. A gabanmu akwai wani dattijo da kayan aikin gona a jikinsa, ya ɗora kwalinsa a kan teburi, matar da ke karɓa ta leƙa ciki ta yi masa godiya ta miƙa masa tikiti. Da layi ya zo kanmu, yadda ta karɓe shi haka ta karɓe mu. Ba ta ɗaga gwangwani tana juyawa ba, ba ta dubi mayafin uwargida sau biyu ba. Tambayarta ɗaya ce: ko ƙaramin yaron zai buƙaci abin ɗorawa a kujera don ya hango dandamali. Wanda ya taɓa zama baƙo a ƙasar wani ya san nauyin irin wannan karɓa.

Tun daga nan muka zama 'yan gida. Abin da ya fi burge ni a tsarin kakarku shi ne 'yan wasanku mazauna garin ne, ba haya ake ɗauko su a yi wasa ɗaya su koma ba. Ana jera wasanni da yawa a lokaci guda, a babban zaure mai kujeru kusan 500 da kuma ƙaramin da ke tsallaken titi. Sai ka ga mutumin da ya ba ka dariya da azahar yana rawa da waƙa, da daddare ya fito a matsayin uban da aka kora daga ramin haƙar kwal, ya sa zauren ya yi tsit. Washegari ka haɗu da shi a kanti yana zaɓen tuffa. Yarana sun san fuskokinsu, suna gardama a mota kan wa ya fi iya wasa a bana. Na kuma yaba da yadda kuke ba marubutan yankin dama a bikinku na sababbin wasannin Appalachia, inda ake karanta wasa a gaban jama'a, a tambayi 'yan kallo ra'ayinsu kafin a kai shi dandamali. A nan na fahimci maƙwabtana fiye da yadda na fahimce su a wurin aiki: me ya sa maganar kwal ke taɓa su, me ya sa suke jin haushin yadda ake kwaikwayon harshensu a talabijin.

Shi kansa ginin abin kallo ne. Coci ne tun asali, a farkon shekarun 1830, daga baya ya zama zauren hukumar gari, da gidan yari a ƙarƙashinsa da jiniyar 'yan kwana-kwana a kan rufinsa. Wata tsohuwa cikin masu nuna wa mutane kujeru, wadda yarana ke kira Kaka, ita ta ba mu labarin cewa a da in jiniyar ta tashi ana tsakiyar wasa, sai 'yan wasan su sandare yadda suke, ko da mutum ya ɗaga ƙafa ne, har ta yi shiru su ci gaba daga inda suka tsaya. Tana ba da labarin tana kwaikwayo da hannu ɗaya a sama, takardun shirin wasa na zubowa daga ɗayan.

Sai maganar mawaƙa, wadda ita ce asalin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Watan Janairu a nan mugun wata ne. An gama bukukuwa, 'yan yawon buɗe ido sun watse, sanyi ya kama, ƙarfe biyar da rabi duhu ya rufe. Kakar wasa ta ƙare, sabuwa ba ta fara ba. Da kun kulle ƙofa kun tafi hutu ba wanda zai zarge ku. Maimakon haka kuka haɗa kai da masu shirya kiɗe-kiɗe na garin, aka riƙa yin darare na January Jams a zaurenku, ana kawo mawaƙan kiɗan Americana da ke yawo gari-gari.

Ga wanda bai sani ba, kiɗan da ake kira Americana gaurayen tsofaffin kiɗe-kiɗen ƙasar nan ne: na karkara, na baƙaƙen fata na kudu, na coci, da na mazauna duwatsu. Yawancin masu yinsa su ke rubuta waƙoƙinsu da kansu, su rera, su kaɗa jita. Suna da ƙungiyarsu a Nashville tun 1999, kuma tun 2010 ake ba da kyautar Grammy ta faifan da ya fi fice a wannan fanni. To amma kyauta ta mutum ɗaya ce a shekara. Sauran ɗaruruwan a kan titi suke rayuwa. Gidajen rediyon kasuwa ba su cika sa waƙoƙinsu ba, abin da ake biyansu a intanet kuwa kowane sauraro bai kai senti ɗaya ba. Abincinsu yana cikin tikitin daren nan da faifai da riguna da za su sayar bayan an tashi. Daga Nashville zuwa nan tafiyar wajen awa biyar ce a mota, gobe kuma su nufi Roanoke ko Asheville ko Washington. Da yawansu a mashaya suke wasa, inda rabin jama'a suka juya musu baya suna kallon ƙwallo.

Shi ya sa zaure irin naku ya zama musu wani abu daban. Na ga wata mawaƙiya ta fito ita kaɗai da jita, ba makaɗa, ba komai a dandamalin sai kujera da kofin ruwa. Ta gama waƙar farko, ta tsaya tana ɗaure tsirkiya, sai ta ɗago ta ce ta manta yadda ake waƙa a wurin da mutane ke saurare, mu yi mata uzuri in muryarta ta yi rawa. Ta ba da labarin kakanta da gonar tabarsa da aka sayar, sannan ta rera waƙar da ta yi masa. Ina kujerun sama, can baya, amma ina jin sautin yatsunta suna goga tsirkiya in ta canza kamu. Wannan aikin mai kula da sauti ne, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ƙeyarsa da hasken na'urarsa. Malam, ko wane ne kai, sannunka da aiki. Bai ƙure lasifika don a ce an yi kiɗa ba, ya bar kalmomi suka fito ɗaya bayan ɗaya, har ni da Turancin kudu ke ba wahala na bi labarin daga farko zuwa ƙarshe.

Bayan an tashi ta tsaya a harabar shiga da akwatin faifanta. Ɗaya daga cikin ma'aikatanku ya kawo mata teburi ya shimfiɗa masa ƙyalle, ya tsaya yana ba da canji don ita ta samu damar gaisawa da mutane. Layin ya daɗe bai ƙare ba, ba kuma wanda ya fara kashe fitilu don a gane dare ya yi. Da muka fito ana zubar ƙanƙara, na hango wani ma'aikacin yana taya ta loda kaya a bayan mota.

Kuma kun yi daidai da kuka buɗe wa wannan kiɗa ƙofa, don nan ne gidansa. Bristol, inda nake zaune, ba ta fi tafiyar minti ashirin daga wurinku ba. A can ne a 1927 Ralph Peer na kamfanin Victor ya kafa na'urar ɗaukar sauti, mutanen duwatsu suka sauko suka yi waƙa, cikinsu har da Jimmie Rodgers da iyalan Carter. A 1998 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da garin a matsayin mahaifar kiɗan karkara, aka kuma buɗe gidan tarihinsa a 2014. Abin da ba kowa ke faɗa ba shi ne hannun baƙar fata a ciki. Lesley Riddle, wani baƙin makaɗin jita da ya zauna a Kingsport, shi ya riƙa raka A.P. Carter ƙauyuka neman tsofaffin waƙoƙi, yana haddace karin sautin. Shi kansa banjo, wanda yau ake ɗauka kayan kiɗan Turawan duwatsu ne, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi da ƙwarya da fata, kuma masana na danganta shi da kayan kiɗa irin su akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Duk wanda ya tashi yana jin gurmi da molo, in aka kaɗa banjo a hankali kunnensa zai gaya masa akwai dangantaka. Na ji daɗi da wani mawaƙi ya faɗi wannan da bakinsa a dandamalinku, ɗana na zaune kusa da ni yana ji.

Ba zan rufe ba sai na ambaci 2020. Da annobar korona ta rufe gidajen wasa a faɗin ƙasar, kun koma tsohon filin kallon fim na cikin mota na Moonlite da ke bakin gari, kuka gyara shi, kuka kafa dandamali. 'Yan wasa suna yi a fili, ana haska su a babban allo, murya na shigowa ta rediyon mota, tafi kuwa da hon da fitilun mota ake yinsa. A watannin nan mu ma'aikatan asibiti mun ga abin da ba ma son tunawa. Daren da na samu hutu na kwashi yara muka je muka zauna a mota da gyaɗa da shayi a fulas, shi ne karon farko da na ji dariyarsu ta cika motar tun farkon shekarar.

Godiyata ga masu sayar da tikiti, da dattawan da ke aikin sa kai suna nuna kujeru, da masu ɗinkin kayan wasa, da kafintocin da ke gina ɗaki a dandamali da rana su rushe shi da magariba, da masu shara da ke shigowa bayan kowa ya tafi. Roƙona ɗaya ne: duk yadda lissafin kuɗi ya kasance a shekaru masu zuwa, a ci gaba da barin wuri a jadawali ga mawaƙin da ya zo da jita ɗaya da akwatin faifai. Mu dai mun riga mun yanke shawara a gida, tikitin kaka mai zuwa za mu saya gaba ɗaya, kuma na shawo kan abokan aikina biyu, ɗan Ghana da ɗan Sudan, za su zo da iyalansu.

Allah Ya ƙara wa gidan albarka, Ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani Bahaushe mazaunin Bristol, mai zama a kujerun sama.