Zuwa ga malamin fiziks da ya tambaye ni a rediyo

Assalamu alaikum Malam,

Ranar da ka bugo waya a shirinmu na kimiyya lokaci ya ƙure, ban ba ka amsar da ta dace ba. Tambayarka ita ce: in ƙwaya mai caji, irin waɗanda suka fi atam ƙanƙanta, tana gudu kusan na haske, ta huda faifan silikon na na'urar awo ta fice ba ta tsaya ba, ta yaya za a ce an auna makamashinta?

Gaskiyarka. Ba dukkansa ake aunawa ba, ɗan abin da ta zubar a hanya ake tsinta.

Faifan da aka fi amfani da shi kaurinsa milimita 0.3 ne, kamar ka haɗa takarda uku. Ana ba shi wutar lantarki ta baya har cikinsa ya zama fayau, babu ilektiron mai yawo. Da ƙwaya ta ratsa, sai ta riƙa ɓamɓaro ilektiron tana barin gurbinsu, kowane ɗaya yana cin eV 3.6 (eV ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi ne). Mai saurin gaske takan ɓamɓaro wajen 24,000, wuta ta ja su zuwa siraran layukan da ke fuskar faifan, a karanta cajin. Ga ƙwaya mai GeV ɗaya, wato eV biliyan ɗaya, wannan asara ba ta kai kashi ɗaya cikin 10,000 ba.

To ina amfaninta? Hans Bethe ya fitar da lissafin tun 1930: mai tafiya a hankali ta fi zubarwa. Kamar kasuwa ce, wanda ya ratsa a guje ba ya kashe kuɗi irin na mai tafe yana leƙen rumfuna. Furoton da fayon duk ƙwayoyi ne masu caji, amma furoton ya ninka fayon kusan sau bakwai a nauyi, saboda haka in maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarsu daidai wa daida, furoton ne mai nawa, shi ne zai bar caji mai yawa. Da haka gwajin ALICE da ke CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin nan kusa da Jeniba, ya riƙa bambance su, da huɗu daga cikin zobba shida na silikon ɗinsa na farko.

Sai dai ka ja kunnen ɗalibanka, awo ɗaya ba abin dogaro ba ne. Jefi-jefi ƙwayar takan yi karo da wani ilektiron gaba da gaba, ya kwashi kaso mai tsoka shi kaɗai, awon ya yi tsalle. Lev Landau ya bayyana wannan doguwar jela ta manyan lambobi a jerin awo a 1944. Dabarar kuwa ba ta da wani ado: a auna a faifai da yawa, a watsar da manyan lambobin, a ɗauki matsakaicin sauran. Na farko da na gani ana yi, sai da na ɗauka maguɗi ne.

In gudun ya yi yawa kuma, wajen GeV ɗaya zuwa sama, furoton da fayon da wata ƙwayar, kayon, duk asararsu takan zo kusan ɗaya a cikin silikon. Nan sai a koma ga wata na'ura, kamar mai auna lokacin da ƙwayar ta ɗauka kafin ta isa.

Ka gaida ɗaliban.