Ba haka ake yi wa ƙofar ƙarfe fentin antik ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirin sana'o'i na ranar Asabar ya ɓata min rai ƙwarai. Wai mutum ya kwaɓa garin gwal da baƙin fenti, ya sirka da kananzir, ya dangwala da soso a jikin ƙofa, shi ke nan ta zama antik, wato ta yi kamar tsohuwar ƙofa. Ko sau ɗaya bai ambaci tsatsa ba, mai gabatarwa kuwa sai "madalla" yake ta yi. Yanzu wani a Pantami ko Tudun Wada zai ji ya gwada, damina ɗaya fentin ya ɗaye kamar ɓawon gyaɗa, a dawo ana cewa masu fenti ba su da amana.

Ƙofar da ta fito daga wajen mai walda ɗauke take da maiƙo da ƙwanson walda. Sai an kankare ƙwanson da burushin waya, an goge maiƙon da tina (ruwan sirka fenti), sannan a bi tsatsa da samfefa mai lamba 80, a koma 120, a ƙare da 220. Daga nan red oksayid, wato jan firama (fentin farko mai hana tsatsa), shafi biyu marasa kauri, ya kwana. A cire ƙofar a shafa wa ƙasanta ma, domin nan ruwan sama ke fantsama, nan tsatsa ke fara ci. In farantin galbanayiz ne kuwa, wato ƙarfen da aka yi wa lulluɓi don hana tsatsa, fentin mai ba ya zama da sinadarin da aka lulluɓe shi da shi, dole a nemi firamar da aka yi domin galbanayiz, in ba haka ba zai saɓule.

Kananzir ɗin da baƙon ya ce, shi ne babbar ɓarnar. Kananzir na hana fenti bushewa da wuri, ya bar shi da danƙo. A Gombe, lokacin hunturu, ƙofa mai danƙo kafin la'asar ta kwashe ƙurar layi duka. Haka kuma kada a ɗora tinar fentin mota a kan fentin mai, nan take zai yamutse.

Shi kansa antik ɗin ba a haɗa launukan a gwangwani ɗaya. Wanda ya haɗa gwal da baƙi, taɓo zai samu. Ana fara shafa launin ƙasa, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu marar sheƙi, a bar shi awa 24 cur. Sannan a tsoma bakin busasshen burushi a ruwan tagulla ko na gwal, a goge shi a jikin kwali har ya kusa ƙarewa, a riƙa shafar tudun zane da gefuna a hankali. Akwai kuma hanyar da ake juyawa: a sa launi mai haske a ƙasa, a haɗa kashi 1 na fenti mai duhu da kamar kashi 3 na banish, a shafa fili ɗaya, a goge da tsumman auduga kafin ya kama, duhun ya zauna a cikin kwarin zane. In aka yi gaggawa launin ƙasa bai bushe ba, tsumman zai kwaso shi har a ga jan firama. Kuma tsufan gaske ba ya zuwa daidai a ko'ina: wajen mariƙi da gefuna ne ke koɗewa, lunguna su yi duhu. Ƙofar da aka dangwale da soso tun daga sama har ƙasa, fatar damisa take kama, ba tsohuwar ƙofa ba.

Abin da ake kira garin gwal ɗin nan, akasari tagulla ce aka niƙa. In ba a rufe shi da banish shafi biyu ba, iska da gumin hannu za su mai da shi baƙi-baƙi. Kada kuma a yi aikin da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu ƙarfe na ƙuna. Saman fentin zai bushe ya tsare na ciki, ya yi bororo. A nemi inuwa, ko a yi da safe.

Ya kuma ce ƙofar faiba ma haka ake mata. Faiba ba ta tsatsa, me za ta yi da red oksayid? Samfefa mai kaushi kuwa share zanen katakon da aka buga mata za ta yi. A wanke ta da ruwan sabulu, a bi da 220 sama-sama, a sa firamar da ke kama roba.

Ku dawo da maganar nan a shiri na gaba, ku gayyato wanda hannunsa ya saba da samfefa.

Wani abu kuma: lambar wayar da kuke bayarwa, mai gabatarwa na karanta ta kamar ana korar sa. Ya riƙa maimaitawa sau biyu, don Allah, mu samu mu rubuta.

Naku,
Mai fenti daga Bolari, Gombe