Tanki na ambaliya, maƙwabta na sayen ruwa a Gombe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana mutanen Gombe, musamman waɗanda Allah ya hore wa famfo ko rijiyar burtsatse a gida.

Ruwan famfon garin nan daga dam ɗin Dadin Kowa yake zuwa, wanda aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola. Sai an tace shi, sannan injuna su turo shi tafiyar fiye da kilomita 30, kuma hawa ne, don garin ya fi dam ɗin tudu. In babu wuta, turawar ta tsaya. Tun da Gombe ta zama hedikwatar jiha a 1996 gari yake ta faɗi, ga kuma bayin Allah da rikici ya koro daga Borno da Yobe, har unguwanni suka tsere wa bututu. Ƙasarmu ma ba ta sakin ruwa da arha. Mutanen Dukku da Kwami sun san zurfin da ake haƙawa kafin a ga danshi.

Abin da ke ci mini rai shi ne tankin da ke ambaliya. Maigida ya kunna sumo, wato injin da ke turo ruwa daga rijiyar burtsatse, ya fita kasuwa, tanki ya cika ya yi ta kwarara ta bango har lungu ya zama taɓo, alhali a lungun nan ne yara ke bin ɗan ga-ruwa da kuɗin jarka ɗaya a hannu. Haba jama'a! Akwai 'yar na'urar da ke kashe injin da kanta in tanki ya cika, kowane mai gyaran famfo ya san ta, kuma kuɗinta bai kai na haƙa rijiyar ba ko kusa. Wanda ruwa ya yi wa yawa ya fito da kan famfo ɗaya ƙofar gida, maƙwabta su ɗiba, ya samu lada.

Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda na ruwa, ya yi wanka da sa'i. Mu kuwa sai mu saki famfo yana zuba har mu wanke ƙafa. A koma buta, a tara ruwan alwala da na ɗauraya a ba shuka ko a kora bayan gida da shi.

Sai ruwan sama. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 20, yana zubo da lita 2,000, wato jarka 80 mai lita 25. Duk wannan muke bari ya bi kwari yana ƙara mana zaizayar ƙasa da ke cin gidaje. A sa indararo da duro mai murfi, a bar zubin farko ya wanke ƙurar kwano tukuna.

Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan a huɗubar Juma'a kafin bazara ta kankama.

Naka,
Mai karatu daga Bolari, Gombe