Likita, robar fitsarin mahaifiyata ta daɗe a jikinta

Assalamu alaikum Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne ina neman shawararka a kan mahaifiyata, wadda take kwance a asibiti bayan an yi mata tiyata saboda karayar da ta samu a ƙugu. Tun ranar tiyatar aka sa mata robar fitsari, yanzu kuma an haura mako biyu ba a cire ba, domin har yau ba ta iya takawa zuwa banɗaki. Ni ce mai jinyarta dare da rana.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bayanin hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, cewa kusan kashi 75 cikin 100 na cututtukan hanyar fitsari da ake ɗauka a asibiti suna da nasaba da robar nan, kuma babu abin da yake ƙara haɗarin kamar daɗewarta a jiki. Na kuma karanta cewa duk kwanan da roba ta yi, yiwuwar ƙwayoyin cuta su shiga mafitsara tana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, ta yadda idan aka kai wata guda, da wuya a sami wanda fitsarinsa ba ya ɗauke da su. Ƙwayoyin, musamman E. coli da take zaune a hanji, sukan bi bayan robar daga fata su hau, ko su biyo ta cikinta daga jakar, sannan su manne mata su yi wani yauƙi da magani ba ya ratsa shi sosai, kuma idan abin ya yi nisa yakan kai ƙoda, har ya shiga jini.

Ina yin abin da aka nuna mini. Nakan wanke hannu da sabulu kafin in taɓa robar da bayan na taɓa ta, nakan rataye jakar ƙasa da mafitsara ba tare da ta taɓa daɓe ba, nakan kuma duba kada bututun ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarta idan ta juya. Amma ranar da aka kai ta ɗaukar hoto, mai tura keken ya ɗora mata jakar a kan cinya, kuma da idona na ga fitsarin da ke cikin bututun yana komawa baya. Ban ga laifin ma'aikatan ba, don su kaɗan ne, marasa lafiya kuwa da yawa.

Yanzu fitsarin ya yi duhu-duhu, yana wari, akwai kuma wani farin abu da yake kwanciya a bututun. Daren jiya ta yi ta rawar sanyi, ta kira ni da sunan ƙanwarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na sanar da nas, an auna zafin jikinta, an ɗebi fitsari domin gwaji. 'Yan'uwa sun matsa mini in sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta in fara ba ta, na ƙi, saboda na ji cewa samun ƙwayoyin a fitsarin mai roba kaɗai bai isa dalilin shan magani ba, kuma sha barkatai shi yake sa su daina jin magani. Shin rawar sanyi da ruɗewa a tsohuwa sun isa a ɗauki abin da gaggawa tun kafin sakamako ya fito?

Babbar damuwata dai ita ce robar kanta. Rashin iya tashi kaɗai ya isa dalilin barinta, ko za a iya cirewa a riƙa tara mata fo a kan gado? Idan kuma fitsarin ya ƙi fita, ashe ba a iya sa wata robar ta ɗan lokaci, a zubar a cire nan take? Likitoci sukan zo zagaye da safe cikin sauri, ni kuma nauyinsu nake ji, ba na so a ga kamar ina koya musu aikinsu. Don Allah Likita, ka nuna mini yadda zan tambaye su cikin ladabi ko har yanzu tana bukatar robar nan, da kuma alamun da idan na gani a cikin dare bai kamata in jira wayewar gari ba.

Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara basira.

Daga wata mai jinyar mahaifiyarta.