Godiya ga masu aikin famfon da suka raba ni da ɗaukar bokiti

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne domin in gode wa wani ƙaramin shago na masu aikin famfo da ke bakin Babbar Kasuwar Sakkwato, a inda jama'a za su gani. Maigidansu ya roƙe ni kada in kama sunansa, wai aikinsa kawai ya yi. Na yarda da wannan, amma ban yi masa alkawarin yin shiru a kan aikin ba.

Sana'ata wanki da guga a Mabera. Wanda ya san unguwarmu ya san yadda muke fama da ruwa da damina, ya kuma san gidaje da yawa sun koma ƙasa da titi saboda ciko. Ɗakin da nake aiki sai an sauka matakala 8 kafin a shiga. Da na haɗa kuɗin adashe da ɗan abin da maigidana ya bari, Allah ya jiƙansa, na sayi injin wanki, a nan na ajiye shi don ba ni da wani wuri.

Shigar ruwa ba ta taɓa zama matsala ba, fitarsa ce ta gagara, domin bakin sokawe yana can sama a tsakar gida. Wanda na fara kira ya ƙara wa tiyon injin tsawo, ya ɗaure shi a bango har sama. Injin ya yi ta gurnani, sai ya tsaya cak da kaya tsundum cikin kumfa, ɗan ruwan da ya hau kuma ya gangaro ya dawo. Ya ce famfon cikin injin ya mutu. Na sayi sabo, aka sa, jiya i yau. Wata 4 ni da 'yata muna tara ruwa a bokiti muna hawa da shi. Kowane wanki kusan lita 50 ne, ga lokacin Babbar Sallah da shaddoji ke zuwa tuli. Akwai daren da na zauna a kan matakala ta uku na yi kuka, gwiwoyina sun ƙi ɗaukata.

Ranar da mutanen shagon nan suka zo, maigidan bai ko taɓa injin ba. Ya sa yaronsa ya riƙe tef, suka auna daga daɓe zuwa bakin sokawe: mita 2 da santimita 30. Ya ce a kawo masa littafin injin, wanda ban taɓa buɗewa ba, ya nuna mini zanen da ya ce kada tiyon ya wuce mita 1 daga ƙasa. Sannan ya dube ni ya ce, "Inna, injinki lahiya lau shike. Kaya aka ɗora mai da ya hi ƙarhinai." Ɗan famfon da ke ciki an yi shi ne ya tura ruwa zuwa rariya kusa, ba ya haura da shi bango ba.

Abin da suka yi, da zarar an gani sai a ce ai da sauƙi. Sun ajiye tankin roba mai marfi, mai cin lita 120, a gefen injin, ruwan wanki ya riƙa zuba a ciki. A cikin tankin suka sa famfo na ruwan datti. Ya ja mini kunne cewa ba sumo irin na rijiyar burtsatse ba ne, domin shi sumo, zaren kaya zai shaƙe shi cikin kwanaki. Famfon yana da ƙwallon roba da ke yawo a kan ruwa: ruwa ya taso, ƙwallon ya ɗaga, famfo ya tashi da kansa, ruwa ya sauka, ya mutu. A bututun da ya hau sama suka sa bawul mai hana ruwa komowa, ya nuna mini kibiyar da ke jikinsa tana duban sama. Ya fitar da wani siririn bututu waje don wari da iska, ya kuma ɗage soket ɗin wuta daga kusa da ƙasa zuwa daidai ƙirjina. Wannan na ƙarshe ban ma roƙa ba. Ya ce ba zai bar wuta da ruwa a ɗaki ɗaya haka ba, ga yarinya tana shiga ba takalmi.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne 'yar jakar raga da ya ɗaura a bakin tiyo. Bayan wankin gwaji ya kwance ta, ya zazzage a tafin hannunsa: dunƙulen zare, maɓalli biyu, allurar hijabi, da yashi mai laushi irin wanda ƙurar garin nan ke cusawa cikin aljihu. Ya kira 'yata, ya ce, "Ƙanwata, wannan aikinki ne duk Juma'a." Ya tsaya har ta kwance ta ɗaura da kanta sau biyu. Ya kuma gaya mana in wuta ta ɗauke ana cikin wanki, tankin zai riƙe ruwan, amma kada a ƙara wani zubi sai famfo ya kwashe.

Kuɗin kaya da na aiki a rubuce suka ba ni, kowanne daban. Guntun bututun da ya rage suka bar mini, tsohon famfon da aka ce ya mutu kuma suka gwada shi, suka ce in adana, lafiyarsa ƙalau.

A watan Agusta aka yi ruwa mai ƙarfi da dare. Da safe sai ga yaron shagon a kan babur, ban kira shi ba. Maigidansa ne ya aiko shi ya duba ko sokawe ya cika ya turo ruwa baya. Ya sauka, ya buɗe tanki, ya taɓa daɓe ya ji a bushe. Na ba shi kuɗin mai ya ƙi karɓa, sai ruwan randa ya sha ya tafi.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka, ya jiƙan mahaifanku.

Taku,
Mai wanki da guga,
Mabera, Sakkwato